Lakar da Motocin Aiki ke Fitarwa kan Titi: Daga Ina Gyara Zai Fara?

Mai Kula da Aiki:

Assalamu alaikum, ma'abota wannan zaure. Akwai matsalar da ta dame ni tun farkon damina, kuma na ga ya fi dacewa in kawo ta gaban waɗanda suka fi ni sani da gogewa. Ina kula da wani aikin gini, yanzu muna matakin tono da cike ƙasa, saboda haka tifofi suna shiga suna fita tun daga safe har zuwa yamma. Ƙasar wurin yumɓu ce mai danƙo. Duk ranar da aka yi ruwa, kowace mota da ta fita tana barin layi biyu na laka a kan kwalta, kafin azahar titin ya koma kamar ba a taɓa zuba masa kwalta ba. Idan rana ta buɗe sai lakar ta bushe, motocin jama'a su yi ta niƙa ta har ta zama ƙura, ta bi iska ta shiga gidajen da ke kusa da mu. A makon jiya wani mai babur ya zame a kan santsin da ke bakin ƙofarmu. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai ya yi, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba, domin na san lakarmu ce ta kayar da shi.

Abin da muke yi a halin yanzu shi ne, da yamma tankar ruwa ta fita ta wanke titin, leburori biyu kuma su bi da tsintsiya. Na taɓa sa an zuba tsakuwa tifa guda a bakin ƙofa, amma ko mako ba ta yi ba ta nutse cikin taɓo. Ina roƙon shawararku a kan abin da ya kamata in fara da shi.

Injiniyar Muhalli:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ina ba ka shawarar ka dakatar da wanke titin da tankar ruwa daga yau. Ruwan ba ya kawar da lakar, yana dai sauya mata mazauni ne daga kan kwalta zuwa cikin lambatu da kwalbati, inda za ta kwanta ta rage wa ruwan sama hanyar wucewa, sauranta kuma ya gangara rafi. A can tana gurɓata ruwa, ta hana haske isa ga tsirran da ke ƙasa, ta binne tsakuwar da kifaye ke nasa ƙwai a cikinta. Shi ya sa Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, a cikin sharuɗɗan izinin da take bai wa ayyukan gini masu tona ƙasar da ta kai eka ɗaya ko fiye, ta haramta kora irin wannan laka cikin magudanar ruwa, ko da mesa ko da tsintsiya. Abin da ta yarda da shi shi ne a kwashe da shebur, ko a share a tattara, ko a zuƙe da inji, kuma a gama kafin a tashi aiki a ranar da lakar ta fita. Ban kawo wannan don dokar ta hau kanka ba, na kawo ne don dalilin da ke bayanta ya shafi kowane titi da kowane lambatu.

Game da tsakuwar da ta nutse kuwa, dabarar daidai ce, aiwatarwar ce ta samu tangarɗa. Yadda aka fi yin wannan shimfiɗa ta bakin ƙofa shi ne a fara share wurin a daidaita shi, sannan a shimfiɗa yadin roba mai barin ruwa ya wuce amma ya tare ƙasa, wanda ake kira jiyotekstayil. Aikin yadin shi ne raba dutse da taɓo. Idan babu shi, duk motar da ta taka tana danna dutsen ƙasa, lakar kuma ta ɓulɓulo sama, abin da ya faru da kai ke nan. A kan yadin ake zuba fasasshen dutse mai kaifin gefe, wanda girmansa ya kai santimita 5 zuwa 8, kaurin shimfiɗar kada ya gaza santimita 15, tsawonta kuma kimanin mita 15, faɗinta ya cika faɗin ƙofar baki ɗaya. Tsawon yana da dalili. Kewayen tayar babbar mota ya ɗan haura mita uku, saboda haka a mita 15 tayar za ta juya sau huɗu zuwa biyar, kuma a kowane juyi duwatsun suna motsa tayar suna kankare abin da ya manne mata.

Ɗan Kwangila:

Injiniya, ban musa iliminki ba, amma ina so in faɗi abin da na gani da idona a ayyuka da dama. Wannan shimfiɗar dutse tana da kyau a makon farko. A ƙasar yumɓu, idan ana ruwa a jere kuma motoci suna da yawa, kwana kaɗan ramukan da ke tsakanin duwatsun ke cikewa, daga nan sai ta zama dandamalin laka, ita kanta ta riƙa shafa wa tayoyi abin da ta tara. Sai an kawo sabon dutse, ko a tone tsohon a wanke, kuma babu wanda ya sa kuɗin wannan a lissafin kwangila. A ganina, wanda ke aiki a yumɓu ya haƙura ya sa wurin wankin taya a bakin ƙofa, ko da mutum biyu ne da injin feshi mai ƙarfi. Ruwa ne kawai ke fitar da yumɓu daga cikin zanen taya da tsakanin tagwayen tayoyin baya. Na gwada dutse, na gwada wanki, kuma na san wanda ya hana maƙwabta zuwa ƙorafi.

Direban Tifa:

Ina gaishe da manya. Ni direba ne, na daɗe ina jigilar ƙasa da yashi, kuma na ji daɗi da aka kawo wannan magana, domin galibi mu ake zagi a kan titi alhali ba mu muka tsara wurin aikin ba. Ina da abubuwa biyu da nake roƙon a duba.

Na farko, girman dutsen. Idan aka zuba wanda ya yi daidai da ratar da ke tsakanin tagwayen taya, yana maƙalewa a wurin, mu fita da shi ba mu sani ba. Da mota ta ɗauki gudu sai ya fice kamar an harba shi, kuma duk wanda ke bayanmu yana cikin haɗari. Idan bai fice ba, yana cin gefen tayar har ta fashe. Saboda haka duk wanda zai tsaya a ƙofa, ya riƙa leƙa tsakanin tayoyin baya kafin ya ɗaga mana hannu.

Na biyu, ba taya kaɗai ke fitar da ƙasa ba. Lokacin da katafila ke loda mana, ƙasa tana zuba a kan gefen bodi, da bakin ƙofar baya, da kan ƙarafan da ke ƙarƙashi. Duk wannan yana zubewa ne a ramin farko da muka faɗa a kan titi, ko a kwanar farko. Idan kuma aka cika motar ta yi tozo, ba a rufa tampol ba, to ko an wanke tayoyin sun yi fes, za mu bar ƙasa a hanya. Sau da yawa na roƙi mai loda ya rage, a ce mini sawu ake ƙirgawa.

Tsohon Injiniya:

Na karanta bayanan kowa, kuma kowa ya faɗi gaskiya a ɓangarensa. Sai dai na lura dukanku kuna tsaye ne a bakin ƙofa, alhali matsalar ba a can aka haife ta ba. Ina so Malam Mai Kula da Aiki ya amsa wa kansa tambaya guda: me ya kai tayar tifa cikin taɓo tun farko?

A shekarun da na yi ina wannan aiki, wuraren da na ga titinsu a tsabtace ba su ne masu injin wanki mafi tsada ba. Su ne waɗanda suka raba filin gida biyu tun ranar farko. Akwai ɓangaren taɓo, inda katafila da greda da sauran injinan da ba sa fita titi suke aiki. Akwai kuma hanya guda tsayayya, wadda aka ɗaga ta sama da kewayenta, aka daɓe ta da tsakuwa, aka yi mata ɗan tudu a tsakiya da ƙananan magudanai a gefe don kada ruwa ya kwanta. Motar da za ta koma kan kwalta ba ta sauka daga wannan hanya ko da taku ɗaya. Tana zuwa wurin lodi, wanda shi ma an daɓe shi, katafila ta miƙo hannu daga ɓangaren taɓo ta loda mata, ta juya ta fita. Motar da ta kawo siminti ko rodi ita ma a kan daɓen take saukewa. Ƙananan motocin ma'aikata da baƙi kuwa a ajiye su kusa da ƙofa, kada su shiga ciki sam.

Idan aka yi haka, shimfiɗar da Injiniya ta bayyana za ta daɗe, domin abin da ke isa gare ta kaɗan ne, kuma koken Alhaji Ɗan Kwangila na cewa tana saurin cikewa zai ragu ƙwarai. Idan ba a yi haka ba, ko dutse ko wanki duk ɗibar ruwa ne da kwando. Na taɓa karɓar wani aiki a hannun wanda ya gabace ni, na tarar yana da ƙofofi uku, ɗaya kawai aka yi wa shimfiɗa, direbobi kuma suna bin wadda ta fi kusa da su. Abin da na fara yi shi ne rufe biyun da shinge, kuma wannan kaɗai ya rage lakar titin fiye da duk abin da na kashe wa kuɗi daga baya.

Abu na ƙarshe, ɗana, wanda masu aiki ba sa son ji: akwai ranakun da bai kamata a yi jigilar ƙasa ba. Idan an kwana ana ruwa a kan yumɓu, jinkirin 'yan sa'o'i har ƙasa ta sha iska ya fi arha a kan gyaran hanyar da motoci za su dagargaza da kuma kwasar lakar da za su fitar.

Mai Kula da Aiki:

Na gode, Baba. Maganarka ta taɓa ni, domin gaskiya ne tifofinmu har bakin ramin tono suke zuwa, kuma muna da wata ƙofa ta baya da direbobi ke bi idan layi ya yi tsawo. Na gode wa Malam Direba kuma, ban taɓa tunanin dutsen da ke maƙalewa tsakanin tayoyi ba. Ina da ƙarin tambaya. Aikin namu zai kai rani, kuma na san a lokacin hanyar cikin filin ce za ta riƙa tayar da ƙura. Wani ya ba ni shawarar in riƙa zuba baƙin man da aka juye daga injina, wai yana kwantar da ƙura na tsawon makonni, ga shi muna da shi a wurin. Mene ne ra'ayinku?

Injiniyar Muhalli:

Don Allah, Malam, kada ka kusanci wannan shawara. Baƙin mai yana ɗauke da ƙarafa masu guba da ragowar ƙonewa, ruwan sama yana wanke shi zuwa rafi, wani kuma ya tsuma cikin ƙasa ya nufi ruwan rijiyoyi, ƙurar da ta tashi daga baya kuma tana tashi ne da shi a jikinta. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Misuri ta Amurka mai suna Times Beach, wanda a shekarun 1970 aka riƙa fesa wa hanyoyinsa tsohon mai don kwantar da ƙura, ashe man a gauraye yake da gubar dayoksin daga sharar masana'anta. A 1983 gwamnati ta yanke shawarar saye garin baki ɗaya, aka kwashe mazaunansa kimanin 2,000. Ba kowane baƙin mai ke da dayoksin ba, amma darasin shi ne abin da ka zuba a hanya ba ya tsayawa a hanyar.

Abin da za ka fara da shi ba ya buƙatar sayen komai, wato rage gudu. Jagorar da Cibiyar Kula da Ingancin Iska ta Birtaniya ta fitar a 2014 ta ba da shawarar kada mota ta wuce mil 10 a sa'a a hanyar cikin fili da ba a shimfiɗa mata komai ba, wato kimanin kilomita 16, da mil 15 a wadda aka shimfiɗa. Bayan haka sai yayyafin ruwa, kuma a nan ake yawan kuskure. Ana so ƙasa ta yi danshi ne kawai. Direban tanka da ya buɗe famfo ya tsaya har ruwa ya kwanta ya mayar maka da rani damina, tayoyi su kwashi laka su kai titi, ta bushe ta zama ƙurar da kake gudu. Yayyafi kaɗan sau da yawa ya fi ambaliya sau ɗaya. Inda ruwa ke da wuya, ana amfani da gishirin kalsiyam kulorayid ko magniziyam kulorayid, waɗanda ke jawo laima daga iska su riƙe ta a cikin ƙasa, sai dai ƙarfinsu yana raguwa idan iska ta bushe ƙwarai, suna sa ƙarfen mota tsatsa, kuma ba a son su kusa da rafi ko shuke-shuke. Ana kuma amfani da wani danƙo da ake samu daga ragowar itace a masana'antar takarda, amma ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi.

Ina goyon bayan Baba a kan cewa daɓe hanya da tsakuwa shi ne maganin da ke aiki a damina da rani gaba ɗaya. Dalilin kuwa shi ne, a lissafin da hukumar Amurka da na ambata take amfani da shi, yawan ƙurar da ke tashi daga titi ya dogara ne a kan abu biyu: yawan lallausar ƙasar da ke kwance a kansa, wadda ƙwayarta ba ta wuce maikromita 75 ba (maikromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), da nauyin motocin da ke bi. Nauyin tifa ba ya hannunka, amma yawan lallausar ƙasar yana hannunka.

Likitan Ƙirji:

Ina bin wannan muhawara da sha'awa, kuma ina so in yi magana a madadin mutum biyun da ba a sake ambata ba tun saƙon farko, wato leburorin da ke shara. Su ne suka fi kowa shaƙar abin da ake magana a kai. Busasshiyar shara da tsintsiya a kan titi tana ɗaga mafi laushin ƙurar ne daidai tsayin hancin mai sharar, ta bar masu nauyin a ƙasa.

Ƙurar da ido ke gani tana damun mutane saboda tana ɓata kaya, amma hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Wadda ke wucewa zuwa hanyoyin numfashi ita ce mai ƙwayar da ba ta wuce maikromita 10 ba, alhali kaurin gashin kai yana kai kimanin 70. Ƙurar gini tana ɗauke da irin wannan ƙwaya, kuma tana tayar da asma, tana tsananta tari ga yara da tsofaffi da masu ciwon huhu ko zuciya. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, matsakaicin wannan ƙura a yini bai kamata ya wuce maikrogiram 45 a kowace mita kubik ɗaya ta iska ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne silika, wadda ke cikin yashi da dutse da kankare. Idan tayoyi suka niƙa ta ta yi laushi ƙwarai, tana kaiwa can cikin huhu ta yi tabon da ba ya warkewa, kuma cutar kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana, lokacin da leburan ya daɗe da barin wurin. Tana kuma ƙara haɗarin kamuwa da tarin fuka, kuma hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu.

Saboda haka ina roƙon a kwashe laka da shebur tun tana da danshi, kafin ta bushe. Idan dole a share busasshiya, a ɗan yayyafa mata ruwa tukuna, a tattara a baro a mayar cikin fili. A ba masu aikin takunkumi mai tace ƙura na gaskiya wanda ya kama fuska, domin ƙyalle ko takunkumin asibiti ba ya tare wannan ƙura. A ba su riga mai ƙyalli da alamun tsayar da motoci, tun da a tsakiyar titi suke aiki.

Ɗan Kwangila:

Na karɓi maganar Baba, kuma na yarda hanya tsayayya ta fi komai. Amma ina so a faɗi gaskiya a kan dalilin da ya sa ba a yin ta. Idan takardar kwangila ba ta ware wa wannan aiki layinsa da kuɗinsa ba, wanda ya sa shi a lissafinsa shi ne zai faɗi a takara, wanda ya yi shiru ya samu aikin. Gyaran yana hannun masu ba da aiki: su rubuta shimfiɗar ƙofa, da daɓen hanya, da ƙarin dutse, da shara, kowanne da adadinsa, yadda kowane mai neman aikin zai sa musu farashi. A wasu ƙasashe doka ce ke tilasta wannan. A Ingila, dokar manyan hanyoyi ta 1980 ta ba hukuma ikon sa wanda ya zubar da abu a titi ya kwashe, ko ta kwashe ta caje shi. A gundumar Marikofa ta jihar Arizona, idan sawun ƙasa ya kai ƙafa 25 a kan titi, dole a share nan take, ba a jira yamma ba. Inda ake da irin wannan, ɗan kwangila ba ya buƙatar wa'azi.

Har yanzu dai ina kan bakana cewa a yumɓu ba a rabuwa da wanki baki ɗaya.

Tsohon Injiniya:

Ban ce a rabu da shi ba, Alhaji, na ce kada a fara da shi. Kuma wanda zai yi wanki ya san cewa ya ɗauko wani sabon aiki, wato kula da ruwan wankin. Na sha ganin an kafa injin feshi dab da kwalta, ruwan laka yana gangarawa titi, motar kuma tana fita da jiƙaƙƙun tayoyi tana zana hanya. Wurin wanki yana bukatar daɓen kankare mai gangara zuwa cikin fili, da ramin da ruwan zai taru ya kwanta, sannan a bar tazara mai tsabta tsakaninsa da titi don tayoyi su tsane. Ramin ma kada a ɗauka zai tace komai. Lallausan yashi yana kwanciya cikin mintoci, amma ƙwayar yumɓu tana iya yin kwanaki tana yawo a ruwa, shi ya sa ake raba ramin gida biyu ko uku, a riƙa maimaita amfani da ruwan, a kuma yashe shi kafin ya cika. Kada kuma a bar motar kankare ta wanke tulunta a wannan rami, domin ruwan siminti yana da kaifin da ke ƙona fata yana kashe kifi, wurinsa daban ne.

Tsakanin dutse da wanki akwai gadon ƙarfe mai haƙarƙari, wanda mota ke bi a hankali yana girgiza ta yana buɗe zanen taya. Yana da amfani ga busasshiyar ƙasa da yashi, ana iya ɗauke shi zuwa wani aikin, amma ƙarƙashinsa yana cikewa, kuma idan ba a kwashe ba ya zama ado.

Direban Tifa:

Ranka ya daɗe, idan za a sa wanki ko duba mota a ƙofa, a tuna cewa yawancinmu da sawu ake biyanmu. Duk mintin da muka yi a layi daga aljihunmu yake fita, shi ya sa wasu ke neman ƙofar baya. Idan aka sa mutum biyu, ɗaya a kowane gefe, aka kuma share bodi tun a wurin lodi lokacin da ake ɗaura tampol, tsayuwar ƙofa ba za ta yi tsawo ba, kuma babu direban da zai ƙi.

Mai Kula da Aiki:

Na dawo in ba ku labarin inda aka kwana bayan kwana goma. Mun rufe ƙofar baya. Mun daɓe hanya daga ƙofa zuwa wurin lodi, kuma tifofi sun daina zuwa bakin rami. Mun tone tsohuwar tsakuwar, mun shimfiɗa yadi, mun zuba fasasshen dutse. Tankar ruwa ta daina fita titi, leburorin kuma suna kwashewa da shebur sau uku a yini, da takunkumi da riguna masu ƙyalli. Na ɗora wa mutum ɗaya alhakin ƙofar, shi ke duba tsakanin tayoyi da tampol, kuma na gaya wa kowa cewa yana da ikon mayar da mota. An yi ruwa sau biyu a kwanakin nan, kuma abin da ya fita titi bai fi a kwashe a baro ɗaya ba.

Matsalar da ta rage ita ce filin da ke tsakanin ƙofa da kwanar farko bai ba mu mita 15 ba, mun samu kimanin 10 ne kawai. Na kuma lura direbobi suna karya kwana tun kafin su gama hawa dutsen, har gefe ɗaya ya fara lotsawa, tayar baya tana taka ƙasa. Ko akwai abin da za a yi ba tare da an rushe shingen ba?

Injiniyar Muhalli:

Madalla da wannan ƙoƙari, Malam. Ba sai ka rushe shinge ba. Ka faɗaɗa bakin shimfiɗar ta ɓangaren da suke karya kwanar, da yadi a ƙarƙashi kamar sauran, yadda tayar baya za ta ƙare juyawarta a kan dutse, sannan ka jera durom ko tubalan kankare a gefen don su nuna wa direba iyakarsa. Mita biyar ɗin da ka rasa kuma ka biya su daga ciki: ka sa gadon ƙarfen da Baba ya ambata a kan daɓaɓɓiyar hanyar, kafin kwanar, inda mota ke tafiya a miƙe. Ka ce wa mai tsaron ƙofar ya riƙa duba dutsen kowace safiya da kuma bayan kowane ruwa. Muddin yana ganin ramuka tsakanin duwatsun, shimfiɗar tana aiki. Ranar da ya ga saman ya yi sumul, a kawo katafila ta motsa dutsen da haƙoran bokitinta a hankali, kada ta yaga yadin, sannan a ƙara sabo a kai.